Takalmin da Yaya ya kawo min ya watse a kan Dutsen Shere

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Jos, shekarata 36. Bara likita ya ce jinina ya fara hawa, ya umarce ni da motsa jiki, sai na shiga wata ƙungiya da ke fita hawan duwatsu ranakun Asabar. Shekara bakwai da suka wuce yayana da ke zaune a Jamus ya kawo min tsarabar takalmin hawan dutse na fata, mai kyan gaske. Saboda darajarsa sau biyu kacal na taɓa sa shi, na naɗe shi a leda na mayar kwalinsa na ɗora saman sif. Watan jiya da za mu hau Shere na ɗauko shi fes kamar ranar da aka kawo. Mun hau lafiya, amma a gangarowa sai tafin na dama ya ɓalle daga baya, kafin mu iso ƙasa na hagu ma ya bi shi, wani baƙin gari yana ta zuba daga ciki. Da tsinken roba na ɗaure na ƙarasa, ga kunya a gaban jama'a. Cikin fushi na tura wa Yaya hoton, na rubuta masa cewa ashe jabu ya kawo min. Ya karanta bai ce komai ba, yau sati uku ke nan. Yanzu na sayi sabo, lamba 42 daidai ƙafata, amma fita ɗaya na yi da shi na dawo da bororo a dunduniya, farcen babban yatsana ya yi baƙi. A watan Janairu za mu je hawan Dutsen Chappal Waddi, saura wata uku. Malam, Yaya ya cuce ni ne? Sabon kuma, in ajiye shi har ranar tafiya don kada ya lalace?

Naka, wani mai karatu daga Jos.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wannan hawan dutse ya zame maka magani.

Yayanka bai cuce ka ba. Da wannan nake so in fara, domin ya fi takalmin nauyi a zuciyata tun da na karanta wasiƙarka. Baƙin garin nan da ka ga yana zuba ba alamar jabu ba ce, hasali ma a takalma masu tsada aka fi ganin sa. Ajiya ce ta kashe takalminka, kuma zan yi maka bayani dalla-dalla don ka sami abin da za ka faɗa masa.

Ɗauko takalmin ka dubi gefensa, za ka ga ƙasansa hawa-hawa ne. Akwai baƙar roba mai haƙora wadda ke taka ƙasa. Sau da yawa akan ga ɗan tambari rawaya a tsakiyarta an rubuta Vibram, kamfanin Italiya ne da Vitale Bramani ya kafa bayan abokan hawansa shida sun rasu a kan tsauni a 1935, aka ɗora alhakin a kan rashin takalman da suka dace, shi kuma ya fito da wannan tafin roba a 1937. Wannan robar tana da juriya, ba kasafai take ba da kunya ba. Amma tsakaninta da fatar takalmin akwai wani soso, shi ne yake shanye dukan da ƙafa ke yi wa dutse don kada ya isa gwiwa da baya. Soson nan iri biyu ne. Akwai wanda ake kira EVA, mara nauyi, irin na cikin yawancin kambas. Idan ya tsufa bajewa yake yi ya daina laushi, amma ba ya marmashewa. Akwai kuma foliyuretan, wanda ake rubutawa PU. Shi ya fi ƙwari, ya fi jure nauyin mutum da jakarsa na tsawon kwanaki, shi ya sa ake sa shi a manyan takalman dutse irin wanda aka kawo maka. Aibinsa guda ne: danshin da ke cikin iska yana ratsa shi sannu a hankali yana tsittsinka sinadaran da suka riƙe shi, shekara bayan shekara, har ya koma kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Zafi yana gaggauta abin. Daga waje ba a ganin komai, fata tana ƙyalli, igiya sabuwa, sai ranar da aka ɗora masa nauyi a gangara ya ce ga garinku.

Takalmin da ake sawa a kai a kai ya fi daɗewa kafin wannan ya same shi, domin kowane taku yana matse soson yana korar danshin da ya shiga. Naka kuwa damina bakwai ya yi a Jos, ƙulle cikin leda, iska ba ta shiga ba ta fita, a saman sif kusa da silin inda zafin kwano yake sauka. Ka yi ne don ƙauna da ganin girman kyautar, na fahimci haka, yawancinmu haka aka tarbiyyantar da mu, abu mai daraja a adana shi sai ranar buƙata. Takalmin dutse ba ya cikin irin waɗannan kayan.

Saboda haka ka kira Yaya. Kira, ba saƙon rubutu ba, tunda rubutu ne ya ɓata. Mutumin nan ya shiga shago a ƙasar da kuɗi ba sa zuwa da sauƙi, ya tuna lambar ƙafarka, ya rage kayansa don takalmi mai nauyi ya sami wuri a jakarsa, sannan bayan shekara bakwai ya buɗe waya ya ga ƙanensa ya kira shi mai kawo jabu. Shirunsa ba raini ba ne, ciwo ne. Kada ka yi dogon bayani kafin ka ce "Yaya, ka yi haƙuri, na yi kuskure, fushi da kunya ne suka sa na faɗi abin da bai dace ba." Bayan nan sai ka gaya masa abin da ka gano. An ce zumunci a ƙafa yake, to tunda teku ta shiga tsakani, muryarka ce ƙafarka. Idan ka kira sau biyu bai ɗaga ba, ka sa wani babba a gida da yake jin nauyinsa ya shiga maganar, amma ka fara gwadawa da kanka.

Yanzu sabon takalmi. A'a, kada ka ajiye shi. Amma kafin maganar sawa, lamba 42 ɗin nan da ka ce daidai ƙafarka ce ta fi damu na, don baƙin farcen da ka ambata shi ne shaidar da ke nuna takalmin yana iya yi maka kaɗan. Ƙafa tana kumbura idan aka yi awanni ana tafiya, kuma a gangara takan zame gaba, yatsu su riƙa dukan bakin takalmi sau dubbai, har jini ya kwanta ƙarƙashin farce. Ga gwajin da za ka yi yau da yamma, lokacin da ƙafa ta fi girma. Zare shimfiɗar cikin takalmin ka ajiye a ƙasa, ka sa safar da za ka yi tafiya da ita, ka tsaya a kai dunduniyarka daidai ƙarshenta. Ya kamata a sami rarar kamar faɗin babban yatsan hannu, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a gaban yatsanka mafi tsawo. Ka gwada ƙafa biyun, don da wuya su zama daidai da juna. Idan rarar babu, ka mayar a canja maka 43, idan mai shago ya ƙi ka sayar ka cika kuɗi. Kada ka yarda da mai cewa zai buɗe da sawa. Fata takan ɗan saki ta faɗi, amma takalmi ba ya ƙara tsawo har abada. Na san asara ce, amma ta fi sauƙi a kan ka kai tsakiyar dajin Gashaka-Gumti, inda Chappal Waddi yake, da yatsun da ba ka iya takawa.

Farcen kansa, idan ba ya zugi kuma babu ruwa ko mugunya, ka bar shi, zai faɗi da kansa sabo ya tsiro cikin watanni. Idan yana zugi ko ya kumbura, ka nuna wa likita. Sauran faratan kuma ka yanke su a miƙe kwana biyu ko uku kafin kowace fita.

Idan gwajin ya nuna akwai rara, to matsalar ɗauri ce, kuma ita ce ta jawo bororon dunduniya. Mutane da yawa suna ɗaure takalmin dutse kamar na zuwa ofis. Idan ka zura ƙafa, ka buga dunduniya a ƙasa ta zauna can baya. Ka ja igiyar ɓangaren yatsu daidai wa daida, ba matsewa ba. Da ka iso inda ƙafa ke lanƙwasawa, gaban idon sawu, sai ka murɗa igiyoyin biyu da juna sau biyu ka ja da ƙarfi, sannan ka ratayo su a ƙugiyoyin sama. Wannan murɗin shi ke kulle dunduniya, ta daina tashi tana gogar bayan takalmi, ƙafa kuma ta daina zamewa gaba. Abin da nake roƙon ka kada ka manta: idan kun kai ƙololuwa kun huta, kafin a fara gangarowa ka zauna ka kwance ka sake ɗaurewa. Minti biyu ne, amma yawancin baƙin farce daga rashin wannan yake zuwa.

Wata ukun da ke gabanka sun isa, in ka fara gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Satin farko ka sa shi a cikin gida da tsakar gida awa ɗaya ko biyu. Sati na biyu ka fita da shi tattakin yamma na rabin awa, kana ƙarawa. Daga nan ka koma fitar Asabar da shi, kuma daga watan Disamba ka riƙa goya jakar da za ka tafi da ita da nauyinta na gaskiya, domin ƙafar da ke ɗauke da kilo goma ba ta zama a takalmi kamar wadda ba ta ɗauke da komai. Shere makaranta ce mai kyau, ƙololuwarsa ta kai mita 1,829 kuma dutse ne tsagwaro mai gwada tafin takalmi, amma wuni ɗaya ne ka dawo gida ka kwana a gadonka. Chappal Waddi mita 2,419 ne, babu wanda ya kai shi tsawo a Najeriya, yana kan iyakar Taraba da Kamaru, kuma tafiyar kwanaki ce: yau ka yi tafiya, gobe ka sake zura ƙafar da ta gaji cikin takalmin jiya. Ƙaramin gogar da kake jurewa a Shere, can zai zama gyambo a rana ta biyu. Za ka ga makiyaya suna haye tsaunukan nan da takalmin roba kamar a tsakar gida suke, kada hakan ya ruɗe ka, ƙafafunsu tun ƙuruciya suke wannan aikin. Tunda kuma kana da hawan jini, ka gaya wa likitanka tsawon dutsen da yawan kwanakin tun yanzu, maganinka kuma ya kasance a jikinka, ba a jakar da wani zai ɗauka ba.

Safa rabin takalmi ce. Ta auduga tana shan gumi ta riƙe, fatar ƙafa ta jiƙe ta yi laushi, ga zafi ga guga, shi ke nan bororo ya samu. Ka nemi ta ulu ko ta zaren roba irin ta 'yan wasanni, mai ɗan kauri a dunduniya da yatsu, aƙalla guda uku: ɗaya a ƙafa, ɗaya rataye a bayan jaka tana bushewa, ɗaya busasshiya ta kwana. Ka riƙe filasta mai faɗi a aljihu. Da ka ji wani wuri ya fara zafi-zafi, ka tsaya nan take ka manna, kada ka ce sai an kai masauki, kuma kada ka ji nauyin tsayar da tawaga. Kasancewar tafiyar a hunturu za ta faɗo, ka fara shafa wa dunduniyarka man kaɗe kowane dare tun yanzu saboda faso.

Akwai wani abu da ya shafe mu wanda masu ƙera takalman nan ba sa rubutawa a kwali, wato alwala. Azahar da La'asar za su same ka a kan hanya. Na sha ganin wanda ya wanke ƙafa ya zura ta a jiƙe cikin safa don ana jiran sa, kafin yamma tsakanin yatsunsa ya saɓule. Ka riƙe ɗan ƙaramin tawul na ƙafa kawai, ka goge sosai har tsakanin yatsu, ka bar iska ta buga ta yayin da kake sallah, sannan ka sa safa. Sannan ka je wurin malaminka da takalmin a hannu ka tambaye shi hukuncin shafa a kan huffi. Sauƙi ne da shari'a ta yi, kuma a mazhabar Malikiyya akwai sharuɗɗa, daga ciki ya zama na fata, ya rufe idon sawu, a kuma sa shi bayan cikakkiyar alwala. Shi zai duba ya gaya maka ko naka ya cika su, da yadda za ka yi da tsarkin ƙasansa.

Ko da rani za ku tsallaka rafuka a can. Idan an rubuta Gore-Tex a jikin takalminka, ma'anarsa akwai wata siririyar fata-fata a tsakanin ciki da waje, ƙofofinta sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta amma tururin gumi yana iya fita. Tana kare ka daga raɓar ciyawa da ƙananan kududdufai. Amma idan ruwa ya haura ya shiga ta sama, ita ce kuma za ta hana shi fita, ka wuni cikin tafki. Don haka ka tafi da sandal na roba mai maɗauri a baya, ka canja a bakin rafi, ka rataya takalmin a wuya. Kada ka shiga ƙafa ba takalmi, duwatsun rafi suna da santsi da kaifi.

Da dare sanyin tsauni zai sa a hura wuta, kuma za ka ga wasu sun jera takalmansu a gefenta. Kada ka bi su. Wuta tana narkar da gam, tana ƙanƙance fata ta tsage, takalmin da ya yi maka daidai da yamma ya wayi gari yana cizo. Ka sassauta igiya, ka zare shimfiɗar ciki, ka ja harshen waje, ka shigar da shi cikin tanti don raɓa. Da safe ka kife shi ka bubbuga kafin ka zura ƙafa, saboda kunama tana son wuri mai ɗumi da duhu.

Idan an dawo gida kuwa, ranar ko washegari, ba bayan sati ba. Laka idan ta bushe a jikin fata tsotse mata mai take yi, yashi kuma yana shiga ɗinki yana cin zare. Cire igiya da shimfiɗa, ka kakkaɓe yashin ciki, ka wanke waje da buroshi mai laushi da ruwa zalla, ka sa tsinke ka ciro tsakuwar da ta maƙale a haƙoran tafi. Ban da omo, ban da injin wanki, ban da jiƙawa a bokiti ya kwana. Lokaci-lokaci ka ɗauraye cikinsa da ruwa mai ɗan ɗumi, domin gishirin gumi yana taruwa ya toshe ƙofofin da tururi ke fita, shi ne kuma tushen wari. Sai ka cusa masa tsofaffin jaridu, kana canjawa idan sun jiƙe, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa ko gaban fanka. Mun saba shanya komai a rana, amma wannan ba ya so. Ko kwana biyu zai ɗauka, ka yi haƙuri da shi.

Maganar mai tana buƙatar kula. Iskar hunturu tana busar da fatar takalmi kamar yadda take busar da tamu, don haka tana son a ciyar da ita, amma ba da duk abin da hannu ya kai ba. Man kaɗe da basilin da man gyaɗa suna sa fata ta yi laushi fiye da kima ta daina riƙe idon sawu, suna toshe numfashinta, suna kuma iya bin gefe su raunana gam. Idan fatar mai sulɓi ce, ka shafa kakin da aka yi domin takalmin dutse, siriri-siriri, musamman inda yatsu ke lanƙwasawa. Idan mai gashi-gashi ce ko an haɗa ta da yadi, feshi ake yi mata. Kamfanonin Nikwax da Grangers suna yin duka biyun. Yadda za ka san lokaci ya yi: ɗiga ruwa a kai, idan ya dunƙule ya gangara to da saura, idan fatar ta sha ta yi duhu to tana buƙata.

Wajen ajiya, a buɗe, a ƙasa-ƙasa, inda babu zafi kuma iska tana wucewa. Ba leda, ba but ɗin mota, ba saman sif. Da damina ka riƙa leƙa shi saboda fumfuna. Ko ba ka da shirin hawa, ka sa shi ka yi tattaki sau ɗaya ko biyu a wata. Kafin kowace babbar tafiya kuma ka danna soson gefen da farce ka lanƙwasa takalmin: idan ka ga tsaga, ko ya yi danƙo, ko gari ya biyo farcenka, kada ka fita da shi. Wannan gwajin zai amfani duk abokanka masu sayen gwanjo, don takalmin da tafinsa bai ci ƙasa ba amma ya tsufa, shi ne aka fi jin tsoro. Idan gefen tafi ne kawai ya ɗan ɗaga, shumeka zai iya sa gam ya matse, amma ka hana shi huda shi da basilla idan mai hana ruwa ne, kowace huda ƙofar ruwa ce.

Tsohon kuma kada ka jefar. Gam ba zai kama shi ba tunda abin da za a manna a kai ya zama gari, amma idan fatar saman tana da lafiya, ana iya kankare ruɓaɓɓen soson gaba ɗaya a sa sabon tafi. Kamfanonin takalmin dutse na Jamus irin su Meindl da Lowa da Hanwag suna karɓar nasu su yi wannan aikin. Ka goge shi, ka ɗauki hoton tambarinsa da lambar da ke jikin harshen. Idan ka gama ba Yaya haƙuri kuka ɗan taɓa hira, sai ka ce masa, "Yaya, takalmin nan ina son sa, ko za ka tambayar min ko ana iya sake masa tafi a can?"